Na Je Kano da Mahaifata, Na Dawo da Ita

Kun ishe ni da tambaya. A rijiya, a kasuwa, a gidan suna: Tsahara yaya Kano, mi aka yi miki, wai gaskiya ne an huda miki ciki? To ga shi sau ɗaya. Ni ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan. Ina faɗa, maƙwabciyata Hadiza tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta ƙara masa gishiri.

Kun san ni da sayar da cuku, busasshen nonon nan, a kasuwar Dakoro. Abin da ba ku sani ba, shekara goma sha tara ina ciwon mara. Tun jinin farko. Kowane wata kwana biyar ko shida, kamar an sa wuƙa a wuta an cusa min ƙasan cibiya ana murzawa. In yi amai. Ƙafar hagu ta mutu. Zuwa bayan gida ma yaƙi ne. In kun ga rumfata a rufe sai ku ce Tsahara ta tafi ƙauye. Ina ɗaki, na ciji zane.

Shekarata goma sha biyu da auren Illa, ko ɓari ban taɓa yi ba. Yanzu ina da talatin da uku. Ina son ciwon ya sake ni, ina son haihuwa. Ba zan sayar da ɗaya in sayi ɗaya ba. Duk tafiyar nan a kan wannan ne.

Na sha jiƙo, na sha rubutu, na yi turare. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce iska. A Maraɗi wata sajifam, ungozomar likita, ta ce tana zargin wata cuta, ta miƙo min ƙwayoyi a jere cikin kwali. Na gane su. Irin waɗanda matan unguwarmu ke sha ne don hutun haihuwa. Na ce, "Ni da ban fara ba, hutun mi zan yi?" Na ajiye mata abinta a tebur. Ba ta yi fushi ba. Ta ce in haka ne sai inda ake leƙa ciki da na'ura, Yamai ko Kano. Illa dillalin dabbobi ne, yana da fatoma a Kano, mai gidan da fatakenmu ke sauka. Sai muka zaɓi Kano.

Damina ce, Illa ba ya iya barin gona. Gwaggo Abu ta raka ni, ƙanwar babana, wadda ta rene ni a Birnin Lalle. Ta haifi bakwai ba wanda ya taɓa jin nishinta. A hannunta na koyi cewa mace ba ta kuka da ciwo, kuma in an ce yaya jiki, amsa ɗaya ce.

Na ƙirga kwanaki, muka tashi washegarin da na yi wanka, don kada abin ya same ni cikin mota. Motar Hayis ce, an ɗure mu kamar buhunan gero, awaki a sama. Kafin Kornaka wata akuya ta saki fitsari, ya biyo taga ya sauka a mayafin Gwaggo, sabo fil. Ta ɗaga kai ta ce wa direba, "Kai ɗan nan, ruwan samanku wari gare shi." Mota ta ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba. A tashar Maraɗi ta wanke mayafin, ta tsaya tana riƙe da shi a rana har ya bushe, motar Katsina tana jiranmu, fasinja na zagi.

A iyaka, bayan Ɗan Isa, aka ce kowa ya sauko da katin ɗan ƙasa. Nawa yana hannu. Na Gwaggo yana cikin leda, ledar cikin tsumma, tsumman a ɗaure a lalitar da ke ƙarƙashin zane uku. Ta ce ba za ta kwance gaban maza ba. Jandarman da ke duba katin ya ce, "Iya, ba ni da gaggawa." Muka zagaya bayan wata rumfa na kare ta da mayafina. Da ta kawo katin, ya duba hoton ya dube ta, ya ce hoton ya fi ta fara'a. Ta ce, "Ran nan ba a yi min fitsari ba."

Can gefen aka canza mana sefa da naira, aka ba ni dami guda har na ɗauka na yi arziki. Kafin Katsina na gane takarda ce mai yawa. Daga Jibiya zuwa Katsina direba bai tsaya ko shan ruwa ba sai a shingen jami'ai, kowa bakinsa na motsi da addu'a. Daga Katsina wani mai magani ya shigo motarmu da kwalba ɗaya, wai tana maganin basir, shawara, sanyin mata, ciwon baya da mantuwa. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke da gani kina da sanyi." Na ce, "Kai da gani kana da yunwa." Bai ƙara kallona ba.

Kano hayaniya ce. Ba ku ganin ƙarshen gari, ba ku ganin saniya sai a tukunya. Matar fatoman, Hajiya Uwani, ta sauke mu a ɗaki mai fanka, wutar da za ta juya fankar kuwa sai ta ga dama. Ruwa a kura ake turowa a sayar. Suna dafa abinci sau uku a yini, kowanne mai yana iyo a kai. Furarsu a inji ake damawa da sukari da ƙanƙara, su sha a ɗan kofi kamar magani. Gwaggo ta kurɓa ta ce, "Wannan ba hura ba ce, lallashi ne." Na ba Hajiya tsarabar cuku. Ta gatsa, ta riƙe muƙamuƙi ta ce haƙoranta ba na raƙumi ba ne. Na nuna mata yadda ake jiƙa shi a shayi. Bayan kwana uku ta cinye rabi.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba abinci ba ne. Matan can ba sa ɓoye ciwo. Baƙuwa za ta shigo, kafin ta zauna Hajiya ta jera mata: hawan jini, gwiwa, sukari, ƙwayar safe da ta yamma. Baƙuwar ma ta jera nata, kamar masu gwada kayan aure. Gwaggo ta ce min a ɗaki, "Mutanen ga ba su da ciki. Komi a waje."

A can asibiti suke cewa, ba likita ba kamar mu. Na yanki kati, aka ba ni rana, sai bayan sati uku da kwanaki. Na zauna ina tsince wa Hajiya shinkafa. Ranar da aka ba ni ta zo, jinin ma ya zo tare da ita tun da safe. A adaidaita kowane rami sai na ga wuta. A bakin ƙofar lokotoro, mai duba marasa lafiya, Gwaggo ta kama hannuna ta ce, "Ki miƙe. Kada ki kunyata mu gaban mutanen Kano."

Na miƙe. Lokotoron saurayi ne, bai wuce ƙanena ba, mutane kuma cike a waje suna jiransa. Ya ce, "Yaya jikin?"

Na ce, "Da sauƙi."

"Ciwon yana hana ki aiki?"

Gwaggo tana zaune tana kallona. Na ce, "Ana taɓawa."

Ya sa na kwanta, ya danna marata. Na ji kamar raina zai fita ta kunne. Ban motsa ba. Ya danna hagu, ya ce, "Nan fa?" Na ce, "Kaɗan." Yaya zan gaya wa ɗan mutane zancen jini da bayan gida da shimfiɗar aure, uwata na zaune? Ya yi rubutu, ya ce in sha wannan wata uku in dawo. A wurin karɓar magani aka miƙo min kwali. Ƙwayoyin nan ne dai na Maraɗi, a jere.

Ban ga laifinsa ba. Abin da na ba shi ya auna. Na ƙetare ƙasa guda, na zauna kusan wata a gidan mutane, na zo na yi wa kaina ƙarya da bakina.

Ban kai ƙofar fita ba ƙafar ta ƙi. Na zauna a ƙasa na jingina da bango, zufa na zuba. Gwaggo tana cewa, "Tashi mu tahi, ana kallonmu." Sai na ji murya a kaina, babba, da Hausa mai lanƙwasa:

"Wa ya yar min da baiwata a ƙasa?"

Na ɗaga kai. Mace ce mai jiki, da farar riga, da furfura a goshi. Zanen Gobir da ke kumatuna take kallo. Na ji harshenta na gane Bayarba ce. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Yarbawa. Ko mai sayar da kwanoni ta kasuwarmu ba ta wuce rumfata ba mu taɓa ba. Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baiwa ba ta tsayawa a kan uwargijiyarta. Durƙusa ki gaishe ni."

Ta yi dariya har ma'aikata suka waiwayo. Ta ce, "Bagobira da baki, ga ta kuma a ƙasa. Mi ya kayar da ke?" Ta karɓi katina ta karanta, ta dubi fuskata, ta dubi kwalin. Dariyar ta tsaya. Ashe ita ce babbar lokotoron mata a wurin, a Kano aka haife ta. Ta sa aka ɗaga ni zuwa ɗakinta. Gwaggo za ta shiga, Bayarbar ta tare ƙofa ta ce, "Tsohuwar baiwa ta jira a waje." Gwaggo ta ce, "Ja'ira, manja ya toshe miki kunne." Amma ta zauna. Ita ma ta san wasa ba a fushi da shi.

Da Bayarbar ta rufe ƙofa ta ce, "An rubuta nan ciwonki kaɗan ne. Na yarda. Ai ku Gobirawa ba ku jin ciwo. Wanda aka tsaga wa fuska tun yana jariri, fatar jaki gare shi. Tashi ki tafi gida, kin ɓata mana kati."

Ban san daga ina abin ya taso ba. Na ce, "Ke mi kika sani? Ke da barkono kaɗai ya taɓa sa ki hawaye? Kin taɓa cizon zane har ya huje? Kin taɓa rarrafe zuwa bayan gida ki rasa wanda ya fi, shiga ko fita? Kin taɓa juya wa mijinki baya, ba don ba ki sonsa ba, don in ya taɓa ki kamar an soke ki da mashi? Shekara goma sha tara!" Na faɗi na amai, na faɗi na ƙafa, na faɗi gudajin jini. Muryata har waje. Gaban surukai ba zan iya ba, gaban malami ba zan iya ba. Amma Bayarba? Ba a jin kunyar abokin wasa.

Tana ta rubutu. Da na gama ta ce, "Yawwa. Yanzu na ga mara lafiya."

Aka yi min eko, hoton ciki. Ta zana min a takarda. Ta ce akwai wani nama irin wanda ke shimfiɗe cikin mahaifa, nawa ya tsiro a waje: bayan mahaifa, kusa da hanji, da kan ma'ajiyar ƙwai ta hagu, inda ya tara tsohon jini ya yi ƙulli. Sunan cutar endometiriyosis. Hadiza ta kwafo shi daga takardata, ni ban iya faɗa ba. Duk wata in mahaifa ta yi jini, shi ma sai ya yi, amma nasa ba shi da ƙofar fita. Jiki ya ɗauke shi abokin gaba, ya taso masa da yaƙi, wurin ya kumbura ya yi zafi. In ya lafa ya bar tabo, tabon ya manne kayan ciki da juna. Kumburin nan shi ne wuƙar da nake ji, kuma yana cikin abin da ke hana ciki zama.

Na ce, "To ba iska ba ne."

Ta ce, "Iskar ƙauyenku ba ta da wannan wayon."

Ta ɗauki kwalin ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba, yaron nan bai ba ki maganin banza ba. Ƙwayar nan tana kwantar da sinadarin da ke juya watan mace, naman ya yi barci. Mata da yawa sun samu sauƙi da ita. Amma muddin kina sha, ba ciki."

Na ce, "Na mayar da ita a Maraɗi. Ba sabon abu?"

"Akwai maganin kumburi, wanda bai taɓa sinadarin. Yana rage zafi, bai kashe cutar. Akwai aiki: in huda ciki wuri uku ƙanana, in shiga da na'ura in kankare abin da na gani. Yana iya dawowa."

"Wanda zai kashe kumburin daga tushe ya bar min haihuwa fa?"

Ta ce, "Shi ake nema. Masu bincike suna gwada magunguna irin haka, waɗanda za su bi kumburin kansa su ƙyale watan mace. Ba su iso hannuna ba. Ban san ranar ba, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba ni da shi ba. Duk wanda ya ce miki yana da shi a kwalba, ƙarya yake."

Na ce, "A yi aikin."

Na kira Illa a waya. Ya ce, "Jikinki ne, Tsahara. Abin da kika ce." Sannan ya ce geron ya fara fitar da kai. Haka yake in abu ya dame shi.

Bayan kwana goma sha ɗaya aka kwantar da ni. Da safen aikin wata ma'aikaciya ta kawo takarda da tawada, ta ce in dangwala. Na ce a karanta min. Ta ce kowa haka yake sa hannu, layi na jira. Na naɗe hannuwana a ƙirji na ce to layin ya jira. Aka kira Bayarbar. Ta zauna bakin gado ta karanta min layi layi da Hausa. Can ƙasa aka zo inda aka ce in sun ga ya zama dole, za su iya cire ma'ajiyar ƙwai, ko mahaifar gaba ɗaya.

Na ce, "Tsaya. Dole kamar yaya?"

"Kamar jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Ko in tarar cutar ta cinye wurin, barinsa wahala ce kawai gare ki."

"Na farkon na yarda. In mutuwa ce, ki cire, gawa ba ta goyo. Na biyun ban yarda ba. In wahala ce, ni zan sha, ba ke ba. Ko kin tarar ta yi baƙi kamar gindin tukunya, ki bar min abata."

"Za ki iya tashi da sauran ciwo."

"Da shi na kwanta."

Ta dube ni, babu wasa a fuskarta. Ta ja layi a kan wurin, ta yi rubutu da hannunta a gefe, ta karanta min abin da ta rubuta. Na sa aka kira Gwaggo ta ji da kunnenta. Sannan na dangwala.

Da na farka, bakina a bushe, kafaɗata na ciwo, ban san dalili ba. Abu na farko da na ce, "Tana nan?" Gwaggo ce a kaina. Ta ce, "Tana nan, ɗiyata." Idonta ja. Ban taɓa ganinsa haka ba. Da yamma Bayarbar ta zo zagaye. Ta ce ta cire ƙullin, ta bar abin da ya rage na ma'ajiyar hagu, ta dama lafiya lau. Akwai wani wuri jikin hanji da ba ta taɓa ba, don taɓa shi ya fi barinsa haɗari. Ta ce watannin da ke tafe su ne damata mafi kyau, amma ba ta ce tabbas ba. Ta koya min shan maganin kumburin: in fara kwana ɗaya kafin jini, kullum bayan na ci abinci, in daina in jinin ya wuce, kada in mai da shi gyaɗa, yana cin ciki. In wata ya wuce ban ga jini ba, kada in sha, in je likita.

Ranar sallama na ba ta cukun da ya rage. Ta juya shi ta ce, "Bayi sun kawo gaisuwa." Na ce, "Sadaka ce. Mu ba mu barin bara ya kwana da yunwa."

Dawowa ba labari. Mota, iyaka, mota. Gwaggo ta rataya katinta a wuya. Tsakanin Maraɗi da gida, tana kallon taga, ta ce: "Da na sani da tun kina yarinya na bar ki kin yi kuka." Na ce ya wuce.

Yau wata uku da dawowata. Jini ya zo sau uku, don haka ku daina leƙen cikina, babu komi tukuna. Ciwon yana nan, amma ya ragu. Wurin hanjin nan yana tuna min da kansa. Watan jiya ranar farko ta jinin ta faɗo ranar kasuwa. Na ci tuwo, na haɗiyi maganin, na ɗauki tabarmar cukuna na fita. Tun ina budurwa ban taɓa ganin rana irin wannan a kasuwa ba. Wata ta tsaya a rumfata ta ce ta ji labari, in yi haƙuri in karɓi ƙwayar hutun in huta, haihuwa ta Allah ce. Na ce ta Allah ce, shi ya sa ban rufe masa ƙofa ba. Na ce cuku nawa za a ba ki.

Ta sayi biyu. Na sayar da sauran kafin la'asar, a tsaye.